Malama Hadijatu da Gudun Haske

Hadijatu 'yar wani dillalin shanu ce a Mashi, kuma tun tana ƙarama ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. In aka ce mata buhu tiya arba'in ne, sai ta ɗauko kwano ta auna. Da wannan hali ta yi karatu a Katsina, ta sami aiki a Daura tana koyar da kimiyya.

Bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar, aka mayar da ita wata makarantar 'yan mata a bayan gari. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ya ɓata mata rai shi ne ɗakin gwaji: tebura ne kawai da gizo-gizo.

Wata rana tana rubuta wa ɗalibanta cewa haske na gudun kilomita dubu ɗari uku a daƙiƙa guda, sai wata mai suna Firdausi ta ɗaga hannu.

"Malama, wa ya bi shi ya auna?"

Aji ya kwashe da dariya, amma tambayar ta zauna wa Hadijatu. Ta kai ta ga shugaban sashen kimiyya, Malam Jafaru, dattijo mai shekara ashirin a bakin aiki.

"Malama, ki ba su su haddace," in ji shi. "Wannan aikin Turawa ne da manyan injuna. Yaran nan jarrabawa za su ci, su tafi gidajensu."

"Ranka ya daɗe, za mu auna shi a nan."

"Da me? Da ludayi?"

Ta taɓa karanta dabarar a wata mujallar malamai. Na'urar ɗumama abinci tana aiki da igiyoyi irin masu kawo muryar rediyo, kuma gudunsu ɗaya da na haske. Matsalar ita ce, a duk unguwarsu mutum ɗaya ke da na'urar: Hajiya Maiturare, matar yayanta, wadda ta zo da ita daga Makka ta ɗora a kan kabad ta lulluɓe da ƙyalle. Ko sau ɗaya ba a kunna ta ba. Kwana uku Hadijatu tana zarya.

"Hajiya, wuni ɗaya tak."

"Ƙwai za ki soya mini a ciki don ki kamo haske? Hadijatu, anya lafiyarki?"

A rana ta huɗu Hajiya ta gaji ta ba ta.

Ranar Laraba aka ta da janareta. Malam Jafaru ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. Hadijatu ta fasa ƙwan zabi, ta shimfiɗa farinsa a farantin tangaran, ta kunna. Ƙwan ya dahu gaba ɗaya, babu abin aunawa. Malam Jafaru ya ce, "To, sai a kawo gishiri."

Kunya ta kama ta. Ta leƙa ciki, sai ta ga laifinta: ta bar tiren da ke juyawa, mai sa zafi ya game ko'ina. Ta cire shi, ta sake fasa ƙwai, ta kunna na ɗan lokaci. Wannan karon wasu wurare ne suka yi fari, tsakaninsu ɗanye.

"Firdausi, ke kika tambaya. Zo ki auna daga wannan farin zuwa wancan."

Santimita shida. Hadijatu ta ce rabin tsawon igiya ke nan, a ninka biyu. Sannan ta juya bayan na'urar ta nuna musu lambar da ke faɗin sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa, ta ce a ninka tsawon igiyar da ita. Yara suka duƙufa da biro. Amsa ta fito: kilomita dubu ɗari biyu da casa'in da huɗu.

"Bai kai ba," in ji Malam Jafaru. "Saura dubu shida."

"Bai kai ba, ranka ya daɗe. Amma wannan mu muka auna shi, da rula da ƙwan zabi. Kai naka a ina ka auna?"

Washegari ta sami takardar tuhuma kan rashin ladabi da ƙona man makaranta. Ta amsa da layi biyu, ta haɗa da lissafin yaran. A ƙarshen zango aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye kusa da iyakar Nijar, inda babu lantarki.

Yayanta Amadu ya ce ta je ta ba da haƙuri, ya san wanda zai sa baki. Ta ce ba ta zagi kowa ba, tambaya ta yi. Ta haɗa kayanta ta hau mashin.

Shekara tara ta yi a can, a aji mai rufin kwano da ɗalibai sittin, kuma sau biyu aka yi mata tayin komawa gari ta ƙi. Da ta yi ritaya, matan ƙauyen suka hana ta tafiya, mai gari ya ba ta fili a gefen masallaci, ta yi gini ta zauna.