Baturiyar Talabijin da Man Gyaɗar Inna

Talabijin ta farko da na taɓa gani a Yako ta malamin gona ce. Baƙi da fari ce, batirin mota ke tashinta, eriyarta kuma tana kan wata doguwar gora da aka ɗaure a jikin dalbejiya. In iska ta kaɗa sai hoton ya koma kamar an watsa masa gero, sai wani ya fita ya murɗa gorar, mu kuma daga ciki muna ta ce masa ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan. Ranar Asabar bayan la'asar matar malamin takan fito da ita tsakar gida ta shimfiɗa tabarmi. Mata da yara mu cika gidan, maza kuma su tsaya a bakin zaure, wai su wucewa suke yi.

Ina ƙarshen firamare a lokacin, cikin shekarun tamanin. Akwai wani shiri na Amurka da ake sawa, a cikinsa akwai wata doguwar mata mai siririn wuya wadda ta fito a gwaggon wasu marayu tana cinye musu gado. Babu mai jin Turancinsu a cikinmu. Ko malamin gonan da yake ta gyaɗa kai, na tabbata tsintar kalma ɗaiɗai yake yi. Amma matar nan ba ta bukatar tafinta. In za ta yi ƙarya sai ta ajiye kofin shayinta a hankali, ta gyara hannun rigarta, sannan ta ɗago ido ta yi murmushi. Da mun ga kofin ya sauka mun san marayu sun shiga uku.

Zagin da matar nan ta sha a Yako, da ana aika shi ta gidan waya da sai an nemo jaki. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kullum sai ta ja mata Allah ya isa kafin ta tashi daga tabarma. Ranar da motar muguwar gwaggon ta faɗa rami a cikin shirin ta mutu, har guɗa aka yi.

Bayan 'yan watanni sai ga ta a wani shirin daban, da farar riga, likita ce, tana rarrashin yaro marar lafiya. Gidan ya kaure da musu. Wasu suka ce tagwaye ne. Wasu suka ce tuba ta yi, aka tambaye su yaya wadda ta mutu za ta tuba. Tsohuwar nan ta naɗe tabarmarta ta ce ita dama ta san ba mutum ba ce. Kawuna, autan su Inna, wanda ya taɓa aiki a masaƙa a Kano har ya shiga silima, shi ya raba gardamar daga bakin zaure.

Ya ce, "Ku dai ba ku san duniya ba. Sana'arta ke nan. Biyanta ake yi ta zama muguwa, in an tashi ta wanke fuskarta ta tafi gida ta dafa wa 'ya'yanta abinci."

Kowa ya watse da maganarsa a matsayin labari, ni kuwa ta zauna mini a rai. Ashe mace za ta iya sa gari guda ya tsane ta, alhali ba ta taɓa kowa ba, kuma a kira shi aiki. Daga ranar na riƙa ɗaukar kofin silbar Inna in je bayan rumbu ina koyon ajiye shi a hankali. Akuyoyinmu ne 'yan kallona na farko, kuma ba su taɓa kushe ni ba.

Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, da man gyaɗa Inna ta riƙe mu. Ta soya gyaɗa, mu murje, a kai inji, ta dawo ta matse tunkuza a turmi da ruwan zafi har mai ya taso, sannan a murza ƙuli a toya. Ƙamshin ya kama tufafinmu da littattafanmu, duk inda muka shiga an san 'ya'yan wane gida ne. Inna ba ta talla. Mutane ke zuwa da kwalabensu har gida, saboda an san manta ba ya kumfa a kasko kuma ba ya ɗaci. Da kuɗin man nan na yi makarantar horon malamai, na dawo aka ba ni aji a wata firamare a Kiru a farkon shekarun casa'in.

A can na tarar da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan malamai da ma'aikatan asibiti, masu zagaya garuruwa suna wasan wayar da kai. Al'adarsu, kamar ta kowa a lokacin, namiji ke fitowa a mace. Ka ga ƙato da gashin baki ya ɗaura zani a kan wando, ya cusa tsumma a ƙirji, ya maƙe murya yana yanga yana tafa hannu. Jama'a su yi ta dariya har da hawaye. Ni kuwa takaici ke kama ni, wai mu ke nan a wurinsu. Na je na sami shugabansu na ce ni zan riƙa fitowa a mace, tunda dai ni ce ke da ita. Ya ce ai ba a taɓa yi ba. Na ce to sai a taɓa.

Wasan da suke shiryawa a kan algus ne a kasuwa, masu zuba yashi a hatsi da masu buga gindin mudu. Akwai mai man gyaɗa a ciki, aka ba ni. Kuma kamar da gangan, wurin da aka fara kai wasan shi ne filin firamaren garinmu, da yamma bayan an tashi kasuwa.

Na yi shi da iyakar ƙarfina. Na zauna gaban turmi na cuɗa garin rogo a cikin tunkuza. Na tsiyaya man kanti mai arha a ƙasan kwalba na rufe shi da na gyaɗa. Da mai saye ya zo yana shakka, sai na ajiye ludayina a hankali, na gyara bakin mayafi, na ɗago ido na yi murmushi, na ce masa in ya sami abin da ba gyaɗa ba a ciki kada Allah ya kai ni gobe. Babu wanda ya yi dariya. Can daga baya wata mata ta ce Allah wadaran naka ya lalace, kuma wallahi ya fi mini tafi daɗi. Na koma Kiru ina jin kaina kamar ya taɓa sama.

Da na dawo gida ƙarshen mako sai na ga jarkokin Inna a jere, cike. Na ɗauka ta yi aiki da yawa ne. Maƙwabciyarmu ce ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ake faɗa a gari. Wai a ina na koya in ba a gida ba. Wai sun ga yadda hannuna ke juya tunkuza, wannan ba hannun mai kwaikwayo ba ne. Wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ka ji lissafin mutanenmu. In mai gashin baki ya yi, wasa ne, saboda kowa na ganin wandonsa a ƙarƙashin zani. In 'yar gidan mai ta yi, da hannun da ya saba da turmi tun tana rarrafe, to asirin gidansu ta tona. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna soya ƙosai da man Inna, yamma ɗaya ta ishe su su manta ɗanɗanonsa. Masu kwalabe suka ɗauke ƙafa. Wani mai tsire na Kwanar Ɗangora, wanda tun kafin a haife ni yake sayen mai da ƙulin yaji a wurinta, kuma shi ne babban cinikinta, sai ya riƙa wuce ƙofarmu a kan babur ya tsaya a wani gidan. Matan Fulani na wajen Falgore ne kaɗai ba su fasa zuwa ba, su kuwa kwalba ɗaiɗai suke saye.

Kawu ya zo da shawararsa a naɗe. Muka zauna a inuwar rumbu, Inna tana tsince gyaɗa a faifai. Ya ce in bar wasan nan daga yau. A sa mai shela ya zagaya gari ya ce na ba da haƙuri, ƙuruciya ce. Inna kuma ta tara matan unguwa ta matse mai a gabansu, ta rantse cewa ba ta taɓa algus ba, shi ke nan a wuce wurin.

Na ce, "Kawu, ba kai ne ka gaya mana sana'a ce ba? A bakin zauren malamin gona, da bakinka ka ce in an tashi wanke fuska take yi ta tafi gida."

Ya ce, "Waccan Baturiya ce. Uwarta ba ta sayar da mai a Yako."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi ƙarya ba ni haushi. Na dubi jarkokin nan na ji zuciyata ta karye. Da Inna ta ce in bari, da na bari a take, in kuma yi ta jin haushin garin har in mutu.

Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ba ta ɗago daga faifan ba ta ce, "Ke, abin da kika yi a filin nan, ni kika kwaikwaya?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To haƙurin me za ki ba su?"

Ta juya wajen Kawu. "Auta, man nan sun ci shi a suna, sun ci shi a biki, sun ci shi a sadakar mamatansu. In harshensu bai shaide ni ba, rantsuwata ce za ta shaide ni? Ba zan tara mata su zuba mini ido kamar wadda aka kama da kaza ba. Wanda ke so ya zo, wanda ba ya so ga hanya nan."

Kawu ya ce, "Yaya, da me za ku ci?"

Ta ce, "Da abin da muka ci da shi jiya."

Bayan ya tafi na matso zan yi mata godiya, ta katse ni. Ta ce kada in ɗauka tana son wannan shirmen nawa, ita ba ta ga abin sha'awa a mace ta tsaya gaban maza tana rantsuwar ƙarya ba. Amma in na bari yanzu, na sa hannu a kan maganarsu ke nan. Har ta bar duniya ba ta taɓa zuwa kallon wasana ba.

Na ci gaba. Muka kai wasan Bebeji, muka kai Tudun Wada, muka kai Doguwa, ko'ina ni ce mai man, kuma ban rage ko ludayi ɗaya na muguntar ba. Aka zage ni a garuruwan da ban san kowa ba, na karɓa da hannu biyu. Wata rana a gidan wata malama a Tudun Wada aka sa kaset ɗin bidiyo, sai ga matar nan ta Amurka, gashinta ya yi fari, wuyan ya tattare, ta fito a alƙaliya tana buga tebur. Na zauna ina kallonta ina cewa a raina, ke ma har yanzu ba ki bari ba. Ban san abin da danginta suka biya ba, nawa dai na san wadda take biya.

Inna ce take biya. A shekarun da ya kamata ta zauna jikoki su yi mata tausa, sai ta koma ɗaukar jarkoki tana shiga ƙananan motocin haya zuwa kasuwar Tudun Wada, inda ba a san 'yarta ba. Ta dawo da yamma gwiwoyinta a kumbure, ta zauna ta miƙe ƙafa. Abin yana ci mini rai har yau. Amma in ana jira in ce na yi nadama, a nemi wurin zama, domin ba ni na yi laifi ba, kuma ba ita ba ce.

Wajen shekara guda bayan haka, da damina, lokacin da kowa ke lallaɓa abin da ya rage a rumbu, sai muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Mai tsiren nan ne. An ce masu cin tsirensa sun fara ƙorafi a kan yajinsa. Inna ta yafa mayafi ta fita zaure, na bi ta. Jarkokinta suna jere a jikin bango, an shirya su don motar gobe. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi gwiwa, har ni ya ce mini malama ina gajiya. Sannan ya ce a ba shi jarka biyu da ƙuli, kamar yadda aka saba.

Inna ta ce, "Ai kuwa mai ya ƙare."

Ya dubi bango, ya dube ta. "Haba Inna, ga shi ina gani."

Ta ce, "Wannan na wasan 'yata ne. Algus ne, ba zai yi maka ba."

Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe ya tashi babur ɗinsa. Ni na san abin da jarka biyu za ta ɗauke mata na wahalar hanya, ita ma ta sani. Washegari da safe na taya ta fitar da su bakin titi, muka tsaya muna jiran motar Tudun Wada.