Rabin Fuskar da ke Bangon Arewa

Muriel Gotts ce ke riƙe da makullin tsohon cocin Hallingby tun da aka rufe shi. Masu zuwa sujada sun yi ta raguwa har ba sa cika benci biyu, sai bishof ya ce su koma cocin ƙauyen gaba. Aka bar ginin da zagayayyiyar hasumiyarsa ta duwatsun ƙyastu, jemagu suka gaje shi. A nan aka yi wa Muriel baftisma, a nan ta auri Cyril, don haka ba wanda ya roƙe ta, ita ta ɗora wa kanta sharar wurin.

Mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Wata shekara rufin ya yi yoyo, farar ƙasar bangon arewa ta kumbura ta ɓare, wani jan tabo ya fito. Ta zaci tsatsa ce. Ta kawo ruwan zafi da sabulu da burushi mai tauri, ta hau benci ta dinga dirza. Ruwan bokitin ya koma ja. Tana matsawa sama wani ɓawo ya faɗo, sai ga ido yana kallonta daga cikin bango.

Ta bar bokitin a nan, ta iso gida a gaggauce. Cyril na yanka burodi ya ce, "Ke tsohuwa, fatalwa kika gani?"

"Fuskar mutum na goge, Cyril. Baki da haɓa duk sun tafi."

"Ni da kike dirza tun aurenmu ai ban ƙare ba," in ji shi. Da ya ga ba ta yi dariya ba, ya ajiye wuƙar.

Ita da kanta ta kira hukumar kula da tsoffin coci-coci. Suka turo wata ƙwararriya, Dakta Penhallow, wadda ta kwashe makonni tana ɓare farar ƙasar da ɗan tsinke. Zanen Waliyi Kiristofa ne ya bayyana, ƙato, ya goya jariri Yesu a kafaɗa yana tsallake kogi, kifaye na zagaye ƙafafunsa. Daktar ta ce zanen ya haura shekara ɗari shida, an shafe shi ne zamanin da sarki ya hana hotuna a coci.

Muriel ta kawo mata shayi da kek. Daktar ta dubi wurin da aka dirje, ta dubi burushin da ke lungu, sannan ta ce, "Aikin danshi ne, Misis Gotts. Haka zan gaya wa hukumar."

Da zaginta ta yi, da ya fi wa Muriel sauƙi. Ta buɗe baki, amma ba abin da ya fito sai, "A ƙara miki madara?"

Daga nan baƙi suka fara zuwa. Takan nuna musu ƙofar dutse mai sassaƙa, da kwamin baftisma da ya girmi sauran ginin. In suka nufi bangon arewa sai ta tuna furanni na bukatar ruwa, ta fice.

Har Cyril ya rasu bai gaya wa kowa sirrin ba. Da gwiwoyinta suka gaza, ta miƙa makullin ga maƙwabciyarta Edna, ta koma wurin 'yarta a Norwich. Ba ta sake taka Hallingby ba, ko da aka gayyace ta bikin gyara rufin.