Ranar da Malam Ɗahiru Ya Tsaya da Sunana

Ranar Talata ce bayan la'asar, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya. Na dawo masaukinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha sanye da kwat ɗin aro, ina hawa matakala ina murmushi ni kaɗai, sai na tarar da takalma jibge a ƙofar ɗakinmu, sun fi ƙafa ashirin. Ɗakin mutum shida ne, kuma a wannan watan ba mai zaman gida da rana, kowa na bakin aiki. Daga ciki ina jiyo muryoyi ƙasa-ƙasa ana karanta Ƙulhuwallahu. Na tuɓe takalmina na ajiye a gefen nasu, na yi sallama na shiga.

Ba wanda ya amsa sallamar. Karatun ya tsaya cak. Na dubi gadona, an yaye zanin, an jingine katifar da bango, kayana kuma an ɗaure su tsaf a jaka. Awudu, direba ɗan Zangon Kumasi wanda gadonsa ke saman nawa, ya miƙe a hankali ya zo ya kama wuyan hannuna ya matsa, kamar mai duba ɗanyen mangwaro.

Ya ce, "Sanusi? Kai ne? Wallahi an ce ka mutu."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Kamfani ya kira. Ka faɗi a wajen ajiye motoci a Al Rayyan bayan azahar, an kai ka asibiti, khalas, rai ya yi halinsa. Tun ƙarfe biyu aka sa hotonka a guruf ɗinmu na waya. Malam kawai muke jira ya dawo ya rubuta tarihinka, yadda ya saba."

Na zauna a kan ƙarfen gadon. Ni kaɗai a ɗakin na san inda Malam yake. Da asubar ranar na cire rigar aikina daga ƙusa, da katin shaida mai ɗauke da sunana, na rataya masa a wuya da hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Ɗahiru Isiyaku, malamina tun ina aji uku na sakandare, shi ne ya rasu, yana tsaye a wurin da ni ya kamata in tsaya.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi wane ne shi, domin mafi yawan waɗanda suka san shi a Doha ba su san komai ba sai dattijon mai gadi da ba ya rabuwa da takunkumi.

An haife shi a Malumfashi, layinmu ɗaya da gidansu. Ya karanta ilimin yanayin ƙasa a jami'a, ya fito da sakamakon da aka daɗe ana labarinsa a unguwa, ya yi hidimar ƙasa a kudu, sannan ya dawo ya kama alli shekara goma sha tara. Mu ɗalibansa mun sha wahalarsa. Ba ya duka, amma idan ka miƙa takarda ba ka rubuta cikakken sunanka a sama ba, har da na mahaifinka, zai mayar maka ko da ka cinye duk tambayoyin. Yakan ce, "Aikin da ba shi da suna, ban san wanda zan yaba ba." Mun sa masa suna Taswira, don ko bayanin hanyar kasuwa ka tambaye shi sai ya tsuguna ya zana maka a ƙasa, har da inda gabas take. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya sani ba.

Ni ma na yi jami'a, na karanta tattalin arziki, na yi shekara huɗu ina yawo da takardu a cikin ambulan har gefensa ya yi baƙi. Da na samu hanyar Qatar na zo gadi. Ranar da aka kai ni ɗakin nan, na tarar da wani mutum yana gugar rigar aiki a kan tawul a ƙasa. Ya ɗago, na ga Taswira ne. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Sanusi Garba, layi na biyu kusa da taga. Ka iya guga, ko in koya maka ita ma?" 'Ya'yansa huɗu sun taso, biyu sun kai jami'a, albashin koyarwa ya kasa, shi ya sa ya ajiye alli. Sau ɗaya ya faɗa mini haka, bai ƙara ba.

Sa'a goma sha biyu muke yi a tsaye. Mu muna ƙirga motoci don lokaci ya wuce, shi yana duban ƙasa. Wata rana ya dawo da wani farin dutse a aljihu, ya nuna mana sawun ɗan kwanson ruwa a jikinsa, ya ce duk inda muke tsayawa ɗin nan ƙasan teku ne a da, kifaye sun yi iyo a saman kawunanmu. Awudu ya ce, "Malam, bar wannan zance, za mu kwanta." Bayan kwana biyu na kama Awudun da kansa yana tsintar duwatsu a bayan masallaci.

Da korona ta zo aka rufe gari, aka daina kai gawa gida. Mutanenmu da suka rasu a nan aka binne su, mutum kaɗan a bayan gawa, kowa nesa da kowa. Sanarwar da ake sawa a guruf ɗin Hausawa layi biyu ce: wane mai gadi ya rasu, wane direba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Abin ya ci wa Malam rai. Sai ya ɗauki aikin da ba wanda ya ɗora masa. Duk wanda ya rasu, zai kira iyalansa ya tambayi garinsu, makarantar da ya yi, abin da ya karanta, sannan ya rubuta ya tura. A haka muka san direban da muke tsokana saboda tumbinsa injiniyan noma ne, mai gadin wani kanti kuma shari'a ya karanta. Yakan ce, "Ba rigar gadi aka haife su da ita ba. A faɗi abin da suka sani." Shi ma cutar ta kama shi, ya yi mako uku a killace. Ya tashi, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba. Matakalar masaukinmu sai ya huta sau biyu yake kai ƙarshenta, kuma bai sake cire takunkumi ba ko da kowa ya yar da nasa.

Shi ya tsaya a kaina in ci gaba da neman aikin ofis. Shi yake gyara mini takardun neman, da jan biro, kamar muna aji. Da wani ƙaramin ofis a unguwar Bin Mahmud ya kira ni ganawa, sai ranar ta faɗo a kan ranar aikina, a lokacin da ba a ba kowa izini ko da haƙori ke masa ciwo. Mu kuwa mun saba, in kana neman abu ba ka faɗa, saboda bakin mutane. Ban gaya wa Awudu ba, ban gaya wa mahaifiyata ba. Malam kaɗai ya sani. Talatar ita ce ranar hutunsa ta farko bayan sati biyu yana tsaye. Na san da haka, na san da ƙirjinsa, kuma na roƙe shi. Masu kula da mu na lokacin gasar sababbi ne, ba su san fuskar kowa ba, kati kawai suke dubawa, ga hula ga takunkumi. Musayar aiki a ɓoye laifi ne da ake kora a kansa. Bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai, "Ka gaishe su da kyau, kuma kada ka yi ƙarya a kan abin da ba ka iya ba." Na kashe wayata a ƙofar ofishin, na yi sa'o'i a layin jira, da na fito kuma murnar cewa sun ɗauke ni ta hana ni tuna kunna ta.

To, a kan ƙarfen gadon nan na kunna ta. Saƙonni suka yi ta shigowa, hotona na ranar kammala jami'a da hula da alkyabba, a ƙasa an rubuta marigayi. Abokan karatu suna ta yabona da halayen da ban san ina da su ba. A cikinsu akwai saƙon ƙanwata Rabi, wanda ta tura wa guruf ɗin dangi: an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika gida, Inna ta suma an yayyafa mata ruwa, yanzu matar Malam Ɗahiru ce ke riƙe da ita. Na ɗaga yatsa zan kira, na kasa. In na ce ina raye, tambaya ta gaba ita ce wa ya mutu, kuma wadda amsar ta shafa tana zaune kafaɗa da kafaɗa da uwata.

Na gaya wa mutanen ɗakin abin da ya faru. Aka sake salati, wasu suka fashe da kuka. Da aka ɗan lafa, Awudu ya ja ni gefe. Ya ce asibiti za su gane ko wane ne da hoton yatsa, wannan ba makawa, abin da kamfani zai tambaya shi ne yadda katina ya je wuyansa.

"Ka ce kuskure ya yi. Rigunan a ƙusa ɗaya suke. Tsoho ne, ya manta ranar hutu, ya ɗauki naka. Shi ya riga ya tafi, ba abin da za a yi mishi. Kai za a kora, kuma kafil, mai riƙe da bizarka, ba zai sake ka ka je sabon aikin ba. Yalla, ka yarda kawai, mu duka za mu shaida."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma kowa ya gyaɗa kai. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin shawarar. Har na fara shirya maganar a raina: mutumin da ya tuna mazaunina a aji bayan shekara goma sha biyar, in rubuta in sa hannu cewa ya ruɗe bai gane sunansa ba.

Sai waya ta fara ƙara a ƙarƙashin matashin Malam. Ba a barin mu shiga wurin aiki da waya, a ɗaki ya bar ta. Muka zuba wa gadon da ba kowa a kansa ido. Ta yi ƙara ta katse. Ta sake yi ta katse. A ta uku na ɗaga matashin. Maman Safiya, haka ya rubuta sunan matarsa, Malama Hadiza. Na ɗauka, ban yi magana ba.

Ta ce, "Malam, ya haƙuri? Tun ɗazu nake nemanka. Ina nan wajen Innar Sanusi. Na san yadda ka ɗauki yaron nan, don Allah kada ka sa abin a ƙirjinka."

A bayanta ina jiyo kukan mahaifiyata, tana kiran sunana.

Na ce, "Malama, ni ne. Sanusi ne."

Malamar firamare ce, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Da ta yi magana muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Wa aka kai asibiti?"

Na ce, "Malam ne. Shi ya tsaya mini."

"Yau hutunsa ne. Jiya ya ce mini zai wuni a kwance. Shi ya ce zai je, ko kai ka roƙe shi?"

Awudu yana gabana yana kaɗa mini hannu. Na ce, "Ni na roƙe shi, Malama. Kuma na san ba shi da lafiya."

Ban ji ta yi kuka ba. Na ji ta juya ta ce, "Inna, tashi, ɗanki ne a waya. Yana raye." Sai gidan ya kaure, mata na kabbara, wata har ta rangaɗa guɗa, ba wadda ta san abin da matar da ke tsakiyarsu ta ji. Cikin wannan hayaniya ta dawo kan wayar, ta ce a hankali, "Ka je ka faɗa musu haka, yadda ka faɗa mini. Kada a rubuta wa mijina abin da bai yi ba." Sannan ta miƙa wa Inna.

Rabi ta ce tabarmin ma ba a naɗe su da kyau ba, haka aka kwashe su aka tsallaka da su gidan Malam, matan da suka zo wa Inna suka bi bayansu.

Washegari na je ofishin kamfani na rubuta abin da ya faru da hannuna. An sallame ni, aikin Bin Mahmud ma ya tafi. Sun bar ni na tsaya har aka gama takardu, na shiga cikin masu yi masa wanka, na shiga kabari na karɓe shi. A nan Doha aka binne shi ranar Juma'a, yana da shekara hamsin da huɗu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, da ɗalibai da ban san adadinsu ba. Har yau wasu in sun gan ni a masallaci sai sun ɗan ja da baya kafin su miƙo hannu, ni kuma ban ga laifinsu ba.

Allah Ya jiƙan Malam Ɗahiru, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, Ya sa ilimin da ya bayar ya zame masa haske. Allah Ya raya Safiya da ƙannenta, Ya ba su ikon ƙarasa karatun da ubansu ya tsaya a rana dominsa. Allah Ya ba Malama Hadiza haƙuri da ladan haƙuri. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni kuma ban roƙa ba, don ba maganar waya ba ce. Jibi jirgina zai tashi, kuma in aka shigo layinmu ƙofarta ake fara tararwa kafin tamu. Allah Ka ba ni ƙarfin tsayawa a wannan ƙofar in yi sallama. Amin.