Yayana Sani, Matuƙin Jirgin da Unguwarmu Ta Yi wa Dariya

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Sani makwancinsa, amma sai bana na san aikin da ya yi a yaƙin basasa.

Abin da muka sani a gida shi ne yana cikin sojan sama a barikin Mando, nan Kaduna, yana gyaran injin jirgi. Haka ya gaya wa Inna don hankalinta ya kwanta. Da aka gama yaƙi ya dawo gidanmu na Unguwar Dosa a rame, ba ya son magana. In jirgi ya taso ya bi ta kanmu, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya shige ciki. Majalisar ƙofar gida ta laƙaba masa Sani Gudu-Ɗaki. Ba yara ne suka fara ba, dattawa ne masu furfura. Yana ji, bai taɓa tanka musu ba, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Bayan babbar salla na je suna a Kinkinau. Wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya, Bitrus, ya ƙura mini ido, ya tambaya ko ni ƙanen Sani ne matuƙin jirgi. Na ce makanike dai.

Ya ce, "Wane makanike? Ana harbi a filin jirgin da muke, aka ce masa kada ya sauka. Ya sauka ya kwashe mu, mu da muka ji rauni. Da bai zo ba, ba ƙafa kaɗai zan bari a can ba."

Daga nan na shiga bin sawu. Ofishin da na fara zuwa suka ce in dawo gobe, da na dawo suka ce sai Legas. Bitrus ne ya haɗa ni da wani abokin aikin yayana da ya yi ritaya a Mando. Shi ya gaya mini cewa irin wannan sauka ba sau ɗaya Sani ya yi ta ba, kuma a ta ƙarshe ya dawo da jirgin ne da gawar amininsa a kujerar da ke gefensa. Wannan ne mutumin da aka mayar abin nishaɗi bayan la'asar.

Na kai labarin majalisar. Dattijon da ya raɗa sunan ya gyara hula, ya ce ai su tun can sun san jarumi ne. Wallahi dariyar da suka yi masa da rai ba ta ƙona ni kamar wannan yabon ba.

Ina tambayar kaina me Sani zai ce da Kaduna ta yau, inda waɗanda ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba suka fi kowa iya labarin yaƙi a wurin biki. Na san halinsa, cewa zai yi, "Garba, rabu da su." To, ban rabu ba. Inna, wadda ta yi shekaru tana roƙa wa ɗanta sauƙin tsoro, ta rasu bara, ba wanda ya taka ya zo ya gaya mata gaskiya.

Sani ba lambar yabo ya bari ba, ba hoto a cikin jirgi. Ya bar 'ya ɗaya, Binta, wadda ta taso tana jin wancan suna. Ranar Juma'a na kai ta gidan Bitrus. 'Ya'yansa uku ne, duka bayan yaƙi aka haife su. Da na ce masa ga 'yar Sani, sai ya lalubo sandarsa, ya ƙi a taimake shi, ya miƙe tsaye kafin ya gaishe ta.

Allah Ya jiƙan Yaya Sani.