Oba-obar Yayana

Ban san iska na da mai ita ba sai shekarar da jandarma suka tafi da yayana. Gona na san da iyaka, tabkinmu na Madarumfa ma na san da sarkin ruwa. Amma iska?

Bayan an gama yaƙin Najeriya ne. Yayana ya je cin rani can, ya dawo da wasu akwatunan ƙarfe guda biyu, kowane da siririyar sanda a ka. Wurin wani tsohon soja ya samo su. Oba-oba suke ce musu can. Ka danna wani abu a gefe ka yi magana, mai riƙe da ɗayan ya ji ka ko yana bayan tabki. Muddin kana danne, babu mai iya cewa uffan sai ka saki.

A ranin nan kurkunu ya kwantar da shi, ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum. Garkarmu kuwa tana ƙetaren ruwa. Sai ya riƙe akwati ɗaya a zaure, ni na tafi da ɗayan garka.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina jin ka, uban surutu. Ka ba albasa ruwa, ko baki kaɗai ka kai can?"

Haka muke yi kullum. Garin nan babu wanda bai zo kallo ba.

Wata Talata da hantsi na iske jakunan maƙwabcinmu sun tattake mini albasa. Raina ya ɓaci. Na danna abin na fara zagi. Na zagi jakunan, na zagi mai su, na haɗa da ubansa da ya bar masa su. Da na saki don in huta, sai na ji wata murya tana ihu da Faransanci. Ni lakwal, wato boko, ban yi ba. Na ɗauka rediyon Yamai ce ta ɓato hanya. Na sake dannawa na ce, "Kai, fita mana daga zance!" Na ci gaba da abina har rana ta take tsaka.

Washegari jandarma biyu suka yi sallama, suka kwashe mu da akwatunan zuwa biro, ofishinsu. A kan teburin babbansu na ga irin namu, sai dai ƙato, da waya da ta bi taga ta hau wani dogon ƙarfe.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce gwamnati ta raba iska kamar yadda ake raba gonaki. Ga wurin masu labarai, ga na jiragen sama, ga na soja da jandarma. Ba mai shiga na wani sai da takarda. Ya ce tun da muka kunna abin nan a nasu muke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba mu ga iyaka ba."

Ya ce, "Ba a ganinta, malam."

Sannan ya faɗi sauran. Jiya da hantsi an kawo wani mutum daga wajen Gabi, kububuwa ta sare shi. Likitan garinmu ba shi da maganin. Ya rugo nan don a kira Maraɗi su turo mota. Suka yi ta kira, ba abin da ke fita sai zagin jakuna. Da suka gaji aka ɗora mutumin a amalanke. Bai kai ba.

Na tuna muryar nan mai ihu, da abin da na ce mata. Hannuna na dama, wanda na danna da shi, na cusa shi cikin riga.

Babban ya ce, "Wane ne mai bakin jiya a cikinku?"

Yayana ya ce, "Ni ne. Kayana ne, bakina ne."

Babban ya dubi ƙafar da ke naɗe da tsumma. Ya dube ni, da laka a guiwoyina. Ya san wanda ke iya zuwa garka. Ya jira. Wallahi ya jira ni har ina jin ƙudan da ke kan taga. Ban buɗe baki ba. Ba zan ce don gona ba, ko don yara. Tsoro ne.

Yayana ya ƙara da cewa, "Damina ta matso, ranka ya daɗe. Gidanmu mutum ɗaya ke da ƙafa."

Babban ya ɗauki alƙalami ya rubuta.

Ni na goya shi zuwa motar da za ta kai shi gidan kaso a Maraɗi, don ba ya iya takawa. A bayana ya matso da baki kusa da kunnena. Na zaci zagi ne zai zo, na ma so ya zo. Sai ya ce in shuka gero da ruwan farko, kada in jira shi.

Sai bayan girbi suka sako shi. Ƙafar ta sandare a can, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba har ya rasu. Shekara goma sha wani abu muna cin tuwo a akushi ɗaya, bai taɓa tada zancen ba. Ni ma ban taɓa ba.