Tulun da Gwaggo Ta Bari Ƙarshe

Gwaggona tana da abokan gaba da yawa, kuma duk sun mutu tun kafin a haife ta. A gidan adana kayan tarihi take aiki, tana gyaran tukwanen da aka tono daga ƙasa. Rabin aikinta kuwa warware gyaran mutanen baya ne. Sai ta gano da me suka manne tukunya kafin ta taɓa ta. Idan ta tarar da siminti ko gam mai taurin kai, ranar har gida za mu sha mita.

Akwai wani tulu da ta daɗe tana kewaya wa. Wanda ya gyara shi ya lafta masa gam har ya rufe zanen wuyansa. In mugun gam ne, ɓamɓare shi zai tafi da zanen. Tana ta jan ƙafa har idonta ya fara dusashewa, likita kuma ya ce ba dawowa.

Ranar da ta yi shahadar taɓa tulun, ta ce in raka ta. Ta haska gam ɗin da fitilarta mai shuɗin haske, wadda ke nuna irinsa.

"'Yar nan, wane launi ya bayar?"

"Fari-fari, Gwaggo."

Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta ɗora, muka zauna muna jira. Can ta sunkuya ta shinshina. Ni dai ɗoyi na ji, ita kuwa sai ga hawaye.

"Gam ɗin fata ne! Ruwa kawai yake so. Bawan Allah, ƙazami ne kai, amma ka bar mana hanya. Allah ya jiƙanka."

Ban taɓa jin ta yi wa ɗayansu addu'a ba, sai ranar. Na ji ina ƙaunar mutumin nan da ko sunansa ba mu sani ba.

Ta dinga gogewa a hankali, gam yana saki. Da wuyan tulun ya fito, ta kai fuskarta dab da shi, ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Ja nake gani kawai. Faɗa mini."

"Tsuntsaye ne, Gwaggo, a jere."

"To, ɗaya bayan ɗaya," in ji ta, ta kama hannuna. "Kada ki yi sauri."