Inna Leah, maginiyar tukwanen waɗanda ba su dawo ba

Da aka gama yaƙin basasa a 1970, mutanen ƙasar Zuru suna da dawa a rumbu, suna da ruwa a rafi. Abin da suka rasa shi ne gawa. Gidaje da yawa sun ba da ɗa ga aikin soja, sai ga takarda da akwatin ƙarfe sun dawo a madadinsa. A al'adar nan kuwa, akan gina wa mamaci tukunya ta musamman a kafa kan kushewarsa. Yaya za a yi da wanda ba shi da kushewa?

Inna Leah, wata tsohuwa maginiyar tukwane, ita ce ta ba da amsa. Kullum in rana ta fito takan gangara rafi ta ɗebo yumɓu, ta zauna gindin tsamiyar ƙofar gidanta. Ba ta taɓa yumɓun sai dangin mamacin sun zauna sun ba ta labarinsa: yadda yake tafiya, abin da yake ci, abin da ke ba shi haushi. In ta gasa tukunyar, a kai ta gefen dutse bayan gari, a tara duwatsu, a ɗora ta, alhali ba kowa a ƙarƙashi.

Tukwanen sun yi yawa, duk bakunansu a buɗe. In iska ta sauko daga dutse da rana tsaka sai su ɗauki ƙugi, wata da murya mai kauri, wata da siririya, kamar mutane na hira a ɗaki an rufe ƙofa. Masu kiwo sun sake hanya. Inna Leah kaɗai ke bi tsakaninsu tana cire ciyawa, tana gaishe su da sunayensu.

A 1971 Fidelis ya dawo, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da fitilu da faranti, wanda ya gudu Gabas kafin yaƙi. Ya zo da 'yarsa Ngozika mai shekara bakwai. Matarsa Josephine yunwa ta kashe ta a daji, shi kansa ba zai iya nuna inda aka binne ta ba. Wata huɗu kantinsa a buɗe, ba wanda ya taka ƙofar. Matan sojoji kan tsallake titi in sun zo daidai wurin. Har ya fara ɗaure kaya zai koma.

Wata rana bayan an tashi makarantar da nake koyarwa, Inna Leah ta tarar da yarinyar a gefen dutse, tana bi tukunya tukunya tana kara kunne.

"'Yata, me kike nema?"

"Ina saurare ne, ko akwai ta mamana."

Tsohuwar ta kama hannunta har kanti, ta zauna bisa ƙunshin kayan da aka ɗaure.

"Baban Ngozika, ba ni labarin Josephine."

"Mama, ai kin san ta. Ke kika sayar mata da tulu mai yoyo."

"Ƙarya kake! Ita ta buga shi da ƙofa don saurin tafiyarta."

Fidelis ya yi dariya, sannan ya rufe fuska da hannu biyu, ya fara ba da labari.

Da tukunyar ta gasu, Inna Leah ta kafa ta kusa da ta Mika, sojan da ya mutu a Gabas. Kafin la'asar sai ga Hannah, matar Mika, da taɓarya a hannu, mata na biye da ita.

"Inna, a gefen mijina? Mutanenta fa suka kashe shi!"

"Hannah, kin san inda Mika yake kwance?"

"Ban sani ba."

"Shi ma mutumin can bai san inda tasa take ba. In kin fasa, gobe zan gina wata. Yumɓu bai ƙare a rafi ba."

Hannah ta ɗaga taɓaryar. Iska ta taso, tukwanen biyu suka ɗauki ƙugi tare, mai kauri da siririya. Matan da ke wurin sun ce tsikar jikinsu ta tashi. Hannah ta saɓa taɓaryarta ta juya. Bayan mako biyu ta shiga kantin Fidelis, ko gaisuwa babu, ta sayi kwalbar fitila. Waɗansu suka biyo bayanta. Fidelis ya kwance kayansa, yana nan har yau.

Inna Leah, bana hannunki ya fara rawa, kin ajiye yumɓu. A manyan birane an yi ta kafa kwamitocin sasantawa, ba takardar da ta ɗauki sunanki. Ke ce kika zauna kika saurari labarin kowane mamaci ba tare da kin tambayi ɓangaren da ya tsaya ba. Mun gode, uwar tukwane. Allah Ya ƙara miki lafiya. Mu kuma da muka rage, malamai da masu mulki da 'yan kasuwa, kafin mu yanke wa mutum hukunci mu zauna mu tambaye shi wa ya rasa.

Ngozika tana ajin ƙarshe yanzu. Da aka tambayi 'yan ajin kowa ya faɗi garinsu, ta ce Zuru. Wata 'yar ajin ta ce mata ai ita 'yar Gabas ce. Ta amsa a natse, ta ce, "Nan aka ba mamana wuri, saboda haka nan ne garinmu."